Sifirin da Na Ƙara wa Motar Ƙanena

Na daɗe ina gyaran manyan motoci a Salaga kafin ƙanena ya zo da motar da ta koya mini tsoro. Garejina rumfar kwano ce a bakin tasha. Lorin doya, lorin goro, da masu ɗauko busasshen kifi daga Makango, duk a hannuna suke warkewa. A lokacin ina ji da kaina ƙwarai. Direba zai fara ba ni labarin abin da motarsa ke yi, kafin ya rufe baki na gaya masa ciwonta, in ya yi gardama in ce ya ja kayarsa ya kai Tamale. Mutane suna cewa ina da zafin rai, kuma ba sharri suka yi mini ba.

Mu biyu ne maza a wurin Mma, mahaifiyarmu. Mahaifinmu ya rasu ƙanen nawa yana ƙarami, ni na riƙe shi, ni na sa shi boko, har ya samu aikin rubutu wurin dillalan shanu a Bawku ya yi aure a can. Bai taɓa musa mini magana ba. Ko bayan ya tara gemu, in ya zo gaishe ni sai ya durƙusa, ni kuwa ina karɓar gaisuwar nan ina cika ina batsewa kamar haƙƙina ce tun daga sama.

Shekaru kaɗan bayan samun 'yancin kai, Turawa na ta tattara komatsansu, wani daga cikinsu ya sayar masa da mota. Irin motar nan ce ta gudu, wadda ban taɓa gani ba sai a hoton kalanda. Ja ce, kujera biyu kacal, rufinta tamfol ne da ake naɗewa baya, ga ta ƙasa-ƙasa, in ka zauna ciki kamar a kan tabarma kake. Da ita ya shigo Salaga wata rana da bazara, salansar hayaƙinta a ɗaure da waya, jama'ar tasha suka bar abin da suke yi suka zagaye ta. Matarsa ce ta haihu, ɗan fari, namiji. Irin wannan labari ba a aiko wa uwa shi a wasiƙa. Ya ajiye goro a gaban Mma, ya sunkuyar da kai don kunya, ya ce an sauka lafiya, bai ƙara ko kalma ba. Ya kuma zo ɗaukata, domin tunda babu uba, ni zan tsaya a matsayin uba ranar suna. Saura kwana huɗu.

Da na tambaye shi yadda motar take, sai ya ce ba ta da laifi ko ɗaya, inda ka nuna mata nan take bi, sai dai cikinta na gogar ƙasa. Duk tudun da manyan motoci suka bari a tsakiyar hanya sai ta taɓa shi, shi ya tsinke salansar. Na leƙa ƙarƙashinta na yi tsaki. Na ce Bature dai bai san hanya ba, ya yi mota kamar kunkuru. Maganin wannan kowane makanike a ƙasar nan ya san shi, domin kullum muna yi wa lori: a ƙara falle a sifirin baya, jerin fallayen ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin mota, mota ta ɗaga, ta ƙara ƙarfi. Washegari na zaro fallayen ƙarfe daga wata matacciyar a-kori-kura da ke bayan rumfata, maƙeri ya rage mini tsawonsu, na cusa biyu a dama biyu a hagu, na ɗaure tam. Sannan na bi tayoyin da famfo, ina bugun kowace da sifana har ta yi ƙarar da kunnena ya saba ji a tayar lori. Motar ta ɗaga gindi, kowa ya yaba. Ƙanena ya durƙusa ya yi godiya.

Ranar tafiya Mma ta rako mu har ƙofar gida, tana dogara sanda. Ƙafafunta ba za su iya wannan tafiya ba, kuma ko za su iya babu inda za ta zauna. Ta daɗe tana kallon motar, ba ta yi mata ba sam. Sai ta juyo gare ni.

"Ga ƙanenka nan. Ka san ƙarfe, shi bai sani ba. A hannunka yake."

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, motar da ta bi ta hannuna ba ta ba da kunya.

Muka ɗauki hanyar Yendi, domin akwai aminin mahaifinmu a can, wani malami, wanda ba zai yiwu a yi suna ba a gaya masa baki da baki ba. Ƙanena ke tuƙi. Da farko lafiya lau, har ina nuna masa yadda muke wuce tudu ba ta taɓa ba. Sai muka shiga gargada, irin wadda jar hanya ke yi da rani, layi-layi a jere. Duk direba ya san ba a binta a hankali, sai an ba mota wuta ta bi ta saman layukan. Ya taka. Ina cikin magana na ji kujerar da nake kai ta zame gefe, hancin motar ya juya yana kallon daji. Ƙanena ya murɗa sitiyari, ta dawo, ta wuce ɗaya gefen, inda wasu mata ke tafe da tulunan ruwa a ka. Na ga fuskar ta gaban sarai, bakinta a buɗe. Suka watsar da tuluna suka faɗa ciyawa. Motar ta tsaya a karkace, injin ya mutu.

Babu wanda ya ji ciwo. Matan suka zazzage mu da yarensu, muka ba su haƙuri da abin da ya samu. Na sha ganin lori ta kife, na sha jawo gawar mota daga rami, ban taɓa zama cikin motar da ta ƙi bin umarnin mai ita ba. Ƙanena ya ce bai yi komai ba, sitiyarin na hannunsa a miƙe, ita ce ta tafi da kanta. Na daka masa tsawa na ce ya rage rawar kai, mota ba ta tafiya da kanta.

Duk da haka da muka isa Bimbila na sa ya tsaya a gindin wata bishiyar mangwaro. A sanina, ciwon sitiyari a gaba yake zama, tunda a nan sitiyari yake. Na sa jak na ɗaga tayar gaba, na kama ta dama da hagu na girgiza, na kama ta sama da ƙasa na girgiza. Na sa shi ya riƙa kaɗa sitiyarin kaɗan-kaɗan, ni kuma ina kwance na ɗora yatsa a kan kowace gaɓa, ina jiran in ji inda ke motsi ba bisa ƙa'ida ba. A kan tayarod na hagu, sandar nan da ke tura taya in an juya sitiyari, na ji ɗan wasa, wanda a wata rana ko kallonsa ba zan yi ba. Na yi murna kamar na tsinci kuɗi. Na ɗaure notin, na cika giris, na fito ina kakkaɓe riga, na ce ga ɓarawon nan na kama.

Ba mu yi nisa ba ta sake. Wannan karon a bakin wata ƙaramar gada ce ta katako, mai hanyar mota ɗaya, ga lorin doya ta tsaya a ɗaya ƙetaren tana jiran mu wuce. Gargadar bakin gadar ta ɗauke mu, motar ta shiga gadar a kaikaice. Na ji tayar baya ta bugi katakon gefe, na leƙa na ga duwatsun ƙoramar a ƙasa, babu ruwa ko ɗigo. Yadda muka fita ban sani ba. Direban lorin ya leƙo ya ce, "Masta, wannan mota naku ya sha giya ne?" Ni salati kawai nake yi a zuci. Daga nan har Yendi tafiyar jaki muka yi, gargadar na kaɗa mana haƙora, hannuna ɗaya a riƙe da ƙofa.

Malam ya karɓe mu hannu biyu. Tsoho ne mai sanyin magana, yana karantarwa a zaurensa, 'ya'yansa na kasuwancin tufafi. Da ya ji labarin haihuwa ya yi addu'a mai tsawo, da ya ji na mota ya yi wata. Maƙwabta suka taru, kowa da nasa. Wani ya ce motar Bature ba ta yarda da baƙin hannu. Wani tsohon direba ya ce shi ya san irinta, in mai ita na farko ya rabu da ita ba da son ransa ba, haka take yi har sai ta kashe wani. Na ce masa ya rufe mana baki, amma maganar ta shige ni. Malam bai tanka musu ba, ya dai ce da ni, ɗana, mu namu addu'a, kai kuma ka ƙara dubawa.

Na ƙara dubawa. A ƙofar gidan malam na ja zare daga tayar baya zuwa ta gaba, kowane gefe, na auna ko tayoyin gaba sun buɗe ko sun tsuke. Daidai suke. Na buɗe akwatin sitiyari, mai na nan, haƙora lafiya. Na duba birki ko wani na kamawa kafin wani, na musanya tayoyin gaba, na danna hancin motar na saki in ga yadda shokazoba ke karɓa. Komai na gaban motar nan lafiyarsa ƙalau, kuma wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Ciwon da ka gani kana iya maganinsa. Ni kuwa ina da mota mai neman ran ƙanena, gobe za mu yi tafiyar da ta fi ta yau tsawo, kuma na rasa abin da zan ɗora wa sifana.

Bayan la'asar na ce mu fita bayan gari. A hanyar Saboba na sami wani miƙaƙƙen wuri mai gargada, babu kowa. Na sauka, na ce ya koma baya ya taho da gudu daidai misali, ya wuce ni, kada ya taɓa birki. Na tsuguna a bakin hanya, na kwantar da kai kusa da ƙasa, idona a kan tayoyin gaba. Ya taho. Tayoyin gaba na bin ƙasa lafiya, suna hawa suna sauka da kowane layi. Da motar ta gifta, rana na bayanta, sai na ga haske a ƙarƙashin tayoyin baya. Ba sa taka ƙasa. Tsalle suke yi, su dira, su sake tashi, kuma duk dirar da za su yi sai gindin motar ya ɗan goce gefe.

Na tashi na bi sawun. Na tayoyin gaba a miƙe yake bai yanke ba. Na baya kuwa guntu-guntu ne, nan akwai, nan babu, kuma a karkace. Na tsaya a tsakiyar hanya zufa na keto mini. Lori tana da nauyin da zai danne sifiri mai tauri, ga kaya a bayanta kullum. Wannan 'yar motar ba ta da nauyin komai a baya. Na mayar da gindinta sandararre, na bi tayoyin na cika su iska har suka zama dutse, don haka duk gargadar da ta taka sai ta yi sama da ita. Motar da tayoyinta na baya ke iska kuwa, ko wa ke riƙe da sitiyari ba shi da iko da ita. Ƙanena ya gaya mini tun a Salaga cewa ba ta da laifi. Ni na sa mata.

Ya juyo ya tsaya kusa da ni, ya cire hula yana share goshi.

"Yaya, ka ga wani abu?"

Na ce ban gama tabbatarwa ba tukuna.

Na sha tambayar kaina dalilin wannan amsa. Gaskiyar ita ce a gidanmu, da duk gidajen da na sani, babba ba ya cewa ƙarami na yi kuskure. Ban taɓa jin mahaifinmu ya faɗa ba, ni ma ban taɓa faɗa wa kowa ba, balle wanda na goya. In na ce a cire fallayen nan, dole a yi shi a ƙofar gidan malam, a gaban tsohon direban da na ce ya rufe baki, kuma kafin mu dawo labari ya riga mu isa tashar Salaga. Sai na nemi hanyar da zan gyara ɓarnar ba tare da an san tawa ce ba. Tunanin lori na sake yi: in sifiri ya yi tauri, a ɗora masa kaya. Na shiga kasuwa na sayi rabin buhun masara, na ce gudummawar suna ce, na ɗaure shi a kan but ɗin baya. Da ƙanena ya zagaya alwala, na bi tayoyin baya na rage musu iska da tsinke. Abincin da aka kawo mana daga cikin gida kuwa kasa cin sa na yi.

Da asuba muka kama hanyar Gushegu. A miƙaƙƙiyar hanya dabarar ta yi aiki, tsallen ya ragu, har ƙanena ya fara sakin jiki yana ba ni labarin yadda jaririn ke da manyan kunnuwa irin na mahaifinmu. Ni ma na fara gaya wa kaina cewa na tsira, in mun isa Bawku zan sami wani gareji in cire su a ɓoye. Amma duk kwanar da muka shiga ina jin nauyin buhun nan yana jan gindin motar waje, a hankali, kamar ana tura mu daga gefe. Ina ta ce masa ya rage, ya rage, har ya fara kallona.

Bayan Gushegu akwai wata kwana mai yashi a gindin wata kuka. Bai shige ta da gudu ba, ni shaida ne. Gindin ya tafi, wannan karon bai dawo ba. Duniya ta juya mana, na ga kuka, na ga hanya, na sake ganin kuka, jar ƙasa ta rufe mu. Da ta lafa, motar na kallon inda muka fito, tayar baya ɗaya na rataye a bakin rami, kututturen kukar kuwa in ya miƙa hannu zai taɓa shi. Gefensa ne. Goshinsa ya bugi gilashi, jini na bin girarsa.

Ya daɗe riƙe da sitiyarin. Sannan ya ce in yafe masa. Ya ce yanzu ya gane hannunsa ne, bai iya tuƙi ba, ya sayi abin da ya fi ƙarfinsa don mutane su gani, ga shi yana neman kashe yayansa. Ya ce na duba komai na ce lafiya, saboda haka laifin ba zai wuce shi ba. Na yage gefen rawanina na ɗaure masa goshin. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, Allah ya kiyaye gaba. Wasu manoma suka taimaka muka turo ta kan hanya.

Na san abin da ke gabanmu, kuma shi ne abin da ya hana ni cin abinci tun jiya. Kafin a kai Bawku ta wannan hanya sai an sauka dutsen Nakpanduri. Hanyar na gangarawa ne a jikin dutse, kwana bayan kwana, gefe ɗaya bango, ɗaya gefen kuwa in ka leƙa sai ka ga bishiyoyi a ƙasa kamar ciyawa. Na taɓa zuwa can ciro injin wata lori da ta faɗa, da igiya aka zura ni. Duk tafiyar da muke yi ina ƙirga abin da ya rage, ina cewa a raina zan faɗa masa a ƙauye na gaba. Ƙauye ya zo ya wuce, na ce na gaba. Ina ganin fuskar Mma a ƙofar gida duk lokacin da na rufe ido.

Rana na tsaka muka iso kan dutsen. Akwai fili a wurin inda manyan motoci ke tsayawa su huce kafin su sauka, da wata mata mai sayar da ruwa da ƙosai. Ƙanena ya tsaya ba tare da na ce ba. Ya fita ya je bakin gangaren ya daɗe yana kallo, ɗaurin goshinsa ya jiƙe. Da ya dawo sai ya zagayo gefena ya buɗe mini ƙofa, ya durƙusa kamar yadda ya saba.

"Yaya, ka sauka a nan. Ga lori can za ta gangara, ka bi ta. Ni zan sauko da wannan ni kaɗai."

Na ce wace irin magana ce wannan.

"In ta tafi da ni, kada Mma ta rasa mu duka biyu rana ɗaya. Kuma gobe yaron nan yana bukatar wanda zai tsaya masa. Ka riƙe shi yadda ka riƙe ni."

Na dube shi a durƙushe cikin ƙura. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, har na gadar da na kukar ba su kai shi ba, domin na ga zai yi abin da ya faɗa, kuma na ga cewa in na yi shiru na minti ɗaya kawai, zan iya samun kaina a bayan lori ina kallonsa yana shiga kwanar farko. Na ce masa ba hannunsa ba ne. Na ce sifirin da na ƙara ne, da iskar da na cika, da buhun da na ɗora don in rufe su.

Bai tashi daga durƙuson ba. Ya ɗago ido ya dube ni, abin da bai taɓa yi ba.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun jiya, a hanyar Saboba."

"Da muka juya a gindin kuka, ka sani?"

Na ce na sani.

Sannan ya ce, a hankali, ba da faɗa ba, "Yaya, kai ma fa kana cikin motar."

Ya miƙe ya kwance buhun masarar ya ba mai ƙosai. Na je wurin direban lorin na ari jak na biyu, ya tambayi abin da ya faru, na gaya masa gaskiya, ya yi dariya har da riƙe ciki ya ce shi ma da haka zai yi. Muka ɗora motar a kan duwatsu. Ƙasa na ƙuna, ƙarfe na ƙuna, notocin da na ɗaure da ƙarfina a Salaga suka ƙi kwantuwa sai da na taka sifana da ƙafa. Ƙanena ya kwanta kusa da ni da farar rigarsa, yana riƙe abin da na ce ya riƙe, yana miƙo abin da na ce ya miƙo. Da fallayen huɗu suka fito, na mayar da sauran yadda Baturen ya bar su, na daidaita iskar tayoyin da abin da aka rubuta a wani ɗan ƙarfe a jikin ƙofa, wanda tun farko ban ga dama na karanta ba. Sai da la'asar ta yi muka gama. Na ce masa shi ke nan, ta yi. Ya karɓi sifanar daga hannuna, ya koma ƙarƙashi, ya bi notocin ɗaya bayan ɗaya.

Muka sauka dutsen da giya ta biyu. A kwanar farko na rufe ido, ina jiran kujerar ta zame. Ba ta zame ba. Motar ta bi kwanar kamar an ja ta da zare, ta bi ta biyu, ta bi ta uku. A ƙasa, da hanya ta miƙe wajen Garu, ya ba ta wuta a kan gargada, ta tafi sak. Ana kiran magariba muka shiga Bawku.

Da safe aka yi suna. Na zauna a gaban malamai a matsayin uba, aka raba goro, aka yanka rago, na yi duk abin da ake yi. Da surukansa suka tambayi ciwon goshinsa, ina zaune ina ji ya ce wata matsala ce motar ta zo da ita daga wurin Bature, yayansa ne ya gano ta a kan dutse, ba don shi ba da ba mu iso ba. Suka yi ta sa mini albarka, ni kuwa ina kallon tabarma. Haka ya gaya wa Mma daga baya, kuma da wannan labarin ta koma ga Allah.

Bai taɓa tayar da maganar ba, ko sau ɗaya. Bai daina durƙusa mini ba, bai daina kawo mini motocinsa ba, ya yi ta canza su har muka tsufa. Amma daga ranar nan, ko taya na canza masa na ce ta yi, sai ya yi godiya, ya naɗe hannun riga, ya sunkuya ya duba da kansa. Ni kuma in koma gefe in tsaya, in jira ya gama.